Hannun Da Na Yi Wa Ƙarya

Maiyama,
14 ga Agusta, 1995.

Zuwa ga Raihanatu, ɗiyar Malam Isiyaku mai ɗori na Aliero, sanyin idona, inuwar tsamiya a tsakiyar bazara, ruwan randa ga wanda ya kwaso ƙishi tun daga kasuwar Jega, farin furen albasa da ke tsaye shi kaɗai cikin fadama. Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya yi laifi kuma ya san ya yi. Ina fata kina lafiya, da Baba, da Inna, da duk majinyatan da ke kwance a zaurenku.

Mako bakwai ke nan ba ki ji ɗuriyata ba. Na san abin da kike zato. Kina zaton na karanta takardarki, na ji kin sallame ni, na tattara na koma Ikko ko sallama babu. Wallahi ban je ko'ina ba, Raihanatu! Ina nan Maiyama gidan kawuna Yusufu, tafiyar da ba ta kai a sha ruwa a hanya ba. Ɓuya na yi. Ke na ɓuyar wa, da mahaifinki, da kaina. Yau ɓuyar ta ƙare, shi ya sa na ɗauki biro, kuma ina roƙon ki da girman Allah ki karanta har ƙasa kafin ki yanke mini hukunci.

Kin tuna ranar da kinka fara gani na? Ni dai ko na tsufa haƙora sunka zube ba zan manta ba. Bara ne, lokacin cirar albasa, na zo gida daga Ikko, ana lodin buhuna a bayan rumbunan Aliero. Rana ta yi sanyi, 'yan lodi suna hutawa, sai abokina Kalilu ya shimfiɗa kwalin firiji a ƙasa, ya kunna rediyonsa mai cin batir takwas. Na ajiye kaina bisa kwalin, na ɗaga ƙafafu sama, na yi ta juyi kamar katantanwar yara, sannan na tsaya cak bisa tafin hannu guda, jikina duk a sama. To a haka na gan ki, a juye, ƙwaryar fura a kanki, kin toshe baki da gefen mayafi kina dariya. Duniya duk ta kife, ke kaɗai kinka yi mini kyau a kifen! Da na miƙe kinka tambaye ni ko ƙafafuna wani laifi sunka yi mini da na hana su taka ƙasa. Ni da nake da baki a Ikko, ni da ke mayar wa 'yan Agege magana kafin su rufe nasu, sai ga ni ina sosa ƙeya. Mi kinka yi mini ran nan, ya ke wagga yarinya?

Kin san tarihin rawar nan a wurina, don na ba ki shi a bakin rijiya ba sau ɗaya ba. A gidan bidiyon tashar Jega na fara ganin samarin Amurka suna yin ta, ina ɗan shekara goma sha uku. Birekdans ake ce mata. Na koya bisa siminti har gashin tsakiyar kaina ya ƙare, har Innata ta kai ni wurin wanzami tana zaton makero ne. Na bi motar albasa zuwa Ikko ni da Kalilu, munka yi dako da rana, munka yi rawa da yamma, shekara shida. Mutanenmu ba su ɗauke ta komai ba sai tsalle-tsallen marasa aikin yi, amma a can waje sana'a ce mai alƙalai da kofi. Akwai 'yan Faransa masu juyi talatin bisa kai ba su ajiye hannu ba. Akwai 'yan Japan da in sun daskare a sama sai ki rantse hoto ne. Irin waɗanga mutane za mu je mu kara da su a Jamus cikin kakar bana, mu biyar daga ƙasar nan, kuma ni anka zaɓa in rufe wasa da tsayuwar hannu guda. Ɗan Jega, Raihanatu! Ɗan mai sayar da gero!

Sai ruwan farko ya sauka, ya jiƙa dandalin da muke gwaji a Ikko, na ɗora hannu ya zame. Na ji ƙarar da kunnena, kamar an karya ɗanyen kara. Innata ta aiko cewa kar a kuskura a naɗa mini farar ƙasar asibiti, a kawo ni Aliero, garin ɗori. Haka Kalilu ya rungumo ni cikin motar albasa da ta juyo ba kaya, kwana biyu ina cizon riga, ya dire ni a zauren mahaifinki.

Wagga rana ita ce ta raba rayuwata biyu, kuma kina tsaye a wurin, riƙe da tasar ruwan ɗumi. Baba ya ɗauki tsintsiyar hannuna yana lalube a hankali, bai ko dube ni ba, ya tambaye ni aikin da hannun ke yi. Ashe haka yake tambayar kowa, don ɗorin maƙeri daban, na mai dawaki daban, na masaƙi daban. Ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne duk Aliero an shaida Malam Isiyaku ba ya ba maroƙi ko ɗan rawa ɗiya. Na dubi farin gemunsa, na dubi yatsunki a bakin tasa, sai na ji bakina ya ce noma. Noma! Ni da ban taɓa kai ƙarshen kunya guda ba! Ya gyaɗa kai, ya ja, ya daidaita, ya jera karare, ya ɗaure tamau yadda hannu zai miƙe ya yi ƙarfin riƙon kalmen noma. Ke kuwa kin san ƙarya na yi. Ba ki ce komai ba, ni ma ban ƙara ba.

Kwana arba'in na yi a zaurenku, kuma in ban da kunya sai in ce su ne kwanakin da sunka fi daɗi a rayuwata. Kunun da kike aikowa yana da tsamiya fiye da na sauran majinyata, kada ki yi musu, mun gwada. Wani tsoho Bafillace da saniya ta take wa ƙafa har cewa ya yi zai karya hannu shi ma. Takunki kawai nake saurare daga bayan zana, in ji zuciyata tana harbawa har cikin ɗorin.

Ranar da anka kwance, Baba ya miƙo mini ƙotar kalme ya ce in matse. Na matse, ya yi murmushi, ya ce aiki ya yi kyau. Kuma ya yi kyau, Allah ya saka masa, abin da na roƙa shi ya ba ni. Sai da na keɓe bayan gari na ɗora tafina a ƙasa, na ga hannun ba ya lanƙwasa baya. Yana kamawa, yana ɗauka, amma ba ya kwanciya ya ɗauki mai shi. Wayyo! Shekara goma sha ɗaya na gina wanga hannu, kalma guda ta rushe shi.

Sai ga takardarki, Goggo Gudiya 'yar aikenmu ta kawo mini ita cikin ƙullin daddawa. Na karanta ta har ta yage a lanƙwasa. Kinka ce kin ji Baba yana faɗa wa wani cewa ɗori yana gyaruwa muddin ƙashi bai cika wata uku ba, ana iya sake karya shi a ɗora yadda ake so. Kinka ce in je in faɗa masa gaskiya, ya karya, ya ɗora mini hannun rawa, in warke kafin tafiya. Kinka ce kin san hakan zai rufe mini ƙofar gidanku har abada, kuma kin yafe. Kinka ce shirun da kinka yi ran nan yana hana ki cin abinci. Sannan kinka rufe da maganar da ta fi karayar zafi, cewa ba za ki auri mutumin da ya binne baiwarsa saboda ke ba, don wata rana zai dube ki ya ga kabarin.

Haba, Raihanatu! Haba, hasken gidanmu da ba a gina ba tukuna! Wa ya ce miki ana yi wa mutum irin wagga kyauta? Kin ɗauki kanki kin ajiye gefe kamar ba komai ba, kin miƙo mini jirgi da kofi, kina zaton zan karɓa in yi godiya? Na san kaina. Da na kwana uku a Jega da takardar nan, da ƙafafuna sun kai ni zauren Baba, don ina son rawar nan, ba zan yi miki ƙarya ba, ƙarya guda ta ishe ni. Ina son ta kamar numfashi. Shi ya sa na gudo inda ba mai ɗori, na ce wa Kawu Yusufu ya ba ni kalme da gona, na sa kaina cikin gero tun fitowar rana har la'asar, ina jiran ƙashi ya rufe ƙofar da ni na kasa rufewa.

Kada ki zaci jarumtaka na yi. Sau biyu ina zuwa bakin titi in tsayar da motar Jega, in ce wa direba ya wuce. Kawu yana dariyar nomana, ya ce ina sara kamar mai jin tausayin ciyawa, kuma sau nawa ina cire gero in bar hakin. Kalilu ya zo har gona da fasfona a aljihu, ya zage ni tas, ya ce mahaukaci ne ni, ya ce mata sun cika duniya amma Jamus sau ɗaya take kiran ɗan talaka. Da ya gaji da zagi sai ya zauna bisa kunya ya yi kuka, ni ma na taya shi. Na ba shi takalmana da hular da nake juyi da ita. Shi zai rufe wasa a madadina. Bai kai ni ba, shi ma ya sani, amma yana da hannu biyu kuma ba ya son kowa a Aliero.

Shekaranjiya wata uku sunka cika. Jiya da hantsi na je ƙarƙashin wata ƙirya a ƙarshen gona, na share ƙasa da ƙafa, na durƙusa, na ɗora tafina. Na san amsar, amma sai da na tambaya. Ya ƙi. Na sake, ya ƙi. Na zauna nan na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da ya karye, kuka mai sauti, har tsuntsaye sunka tashi daga gero. Ina faɗa miki wanga don kada ki taɓa cewa na ɓoye miki nauyin abin. Ya yi nauyi. Zai yi nauyi baɗi, zai yi nauyi ranar da Kalilu ya dawo da hotuna. Wata rana za ki gan ni ina kallon hannuna, ko kiɗa ya tashi a rediyon wani ki ga kafaɗata ta motsa ba da sanina ba. In kin ga haka, kar ki tsorata, kar ki ce ga kabarin nan. Kewa ce kawai, kuma mai kewa yana iya zama mai farin ciki a gida guda. Abin da ba zan iya ba shi ne in tsaya bisa hannu guda a gaban Turawa dubu, duniya ta kife, in duba cikin taron in rasa mai ƙwaryar fura.

Yanzu ba abin da ya rage da za ki tura ni gare shi, ya sanyin raina. Jirgin ba nawa ba ne, ƙashin ya daskare, ko Baba da kansa ba zai taɓa shi ba. Kin ce ba za ki auri wanda ya yi abin da na yi ba, ga shi na yi, da sanina, ba da shawararki ba. Wanga shi ne laifina a gare ki, kuma ban zo da hujja ba, roƙo na zo da shi. Ki janye maganar nan, Raihanatu. Don Allah ki janye ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, ni da Kawu Yusufu za mu zo Aliero. Zan durƙusa gaban Baba in faɗa masa duk abin da hannun nan ya yi kafin ya zo gare shi, da abin da na ce masa, da dalilin. Ba zan shiga gidansa da ƙarya a ɗaure ba. In ya kore ni, hakkinsa ne, zan koma in sake dawowa. Amma in ke ce ba ki so, kar ki bari in kai zaure. Ki ce wa Goggo Gudiya ta tsaya a bakin hanya wajen masu gyaran keke. In na gan ta, ba sai ta yi magana ba, zan juya da kawuna, ba kuma zan ƙara damun ki ba. Zan nemi 'yar fadama a Sabiyal in koyi albasa, in zauna ba aure, don ba ni da wata zuciyar da zan kai wani gida.

Tun da nake ban taɓa roƙon Allah kar in ga wani mutum ba, balle Goggo Gudiya mai kirki. Amma daga yau har Juma'a, addu'ata ke nan bayan kowace salla, Allah ya sa in tarar da bakin hanyar nan ba kowa.

Naki, da hannun da ya rage da zuciyar da ba ta taɓa karkata ba, har ranar da za a miƙe ni a rufe,

Waliyyu.