Ƙusar da Na Kafa a Aktau

Baba,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taka? Ya Inna da Gulayim? Ni lafiya ƙalau. Aman da nake yi a jirgi ya ragu, sai in iska ta taso. Kada dai tsofaffin garinmu Moynak su ji ɗan matuƙin jirgi yana amai a teku.

Kullum muna kai baƙi tsibiri su kalli karnukan teku. Suna baje a yashi, ga teɓa ga gashin baki, sak Kawu Jumabay bayan shinkafar biki.

Ka tuna ƙusar da ka ce ka kafa a turken tashar jiragen ruwa, daidai bakin ruwa, kafin tekunmu ya gudu ya bar jirginka a rairayi? Bara na kafa tawa a bakin tekun nan na Aktau. Serik-aga, mai jirginmu, ya yi ta dariya har da riƙe ciki: "Kai ɗan hamada, teku za ka auna da ƙusa?"

Jiya na duba. Ruwa ya sauka fiye da tsawon tafin hannuna.

Inna ta aiko mini da safar ulu. Allah ya ƙara maka lafiya.

Baba, a shekarar farko da ka ga ruwa ya sauka, ka gaya wa mutane, ko shiru ka yi?

Ɗanka,
Kuwat