Na Nuna Masa Filin Da Na San Kududdufi Ne

Assalamu alaikum. Ina gaida mai kula da wannan shafi da duk masu karatu, Allah ya ƙara rufa mana asiri. Don Allah a ɓoye sunana, kuma duk wanda zai zage ni ya daure ya kai ƙarshe tukuna. Zagin ma na riga ku, kullum sai na yi wa kaina. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini.

Ni dillalin filaye da gidaje ne a Dutsin-Ma, na fi shekara goma ina wannan sana'a. Yadda muka gada, dillali ba nuna fili kawai yake yi ba. Shi ne zai taka iyaka da ƙafarsa, ya je wurin mai unguwa, ya bincika ko gado ne da ba a raba ba, sannan ya zauna da maƙwabta ya tambaye su inda ruwa ke bi da damina. Wannan ta ƙarshen ita ce babba, domin mutanenmu ba sa faɗa wa baƙo aibin filin wani, kunya ba za ta bar su ba. Sai dai su ja dillali gefe su raɗa masa, shi kuma ya san yadda zai yi da mai saye. To, da jama'a suka yi ta kukan la'ada ta yi yawa, sai na fito da wani tsari da na gani wurin wani abokina a Kaduna, na sa masa suna nuni kawai. Ka ba ni rabin la'ada, in nuna maka wuri, in haɗa ka da mai shi, in zare hannuna, bincike kuma naka ne. Har takarda na buga ana sa hannu. Ba zan yi ƙarya ba, mutane sun amfana. Malaman jami'a da 'yan kasuwar da suka san gari sun ji daɗinsa, don su sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, masu sayarwa ma kayansu na fita da wuri. Ni kuwa har wani taku na canza, ina jin na kawo wa garin wayewa.

Sai ga wani bawan Allah da zan kira Malam Sada, manomi daga wajen Wurma ta ƙasar Kurfi. Zaman ƙauye ya gagare su saboda halin da kowa ya sani, ya sayar da gonarsa da 'yan shanunsa, ya kama hayar ɗaki ɗaya a gari, yana neman inda zai kafa wa iyalinsa gida. A lokacin kuwa kawuna yana da fuloti a bayan gari da ya daɗe yana son rabuwa da shi. Kawun nan shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, kuma matata 'yarsa ce. Filin kuwa na san shi kamar tafin hannuna. Kududdufi ne da aka haƙa ana yin tubali, a cikinsa na koyi iyo ina yaro. Da ya daina amfani sai unguwa ta mai da shi juji, aka yi shekaru ana zuba shara, daga baya Kawu ya sa tifa ta zuba jar ƙasa a kai aka baje. In ka gan shi da rani sai ka rantse filin idi ne.

Kawu bai ce in yi ƙarya ba, kada in ɗora masa abin da bai yi ba. Cewa ya yi kawai in na samu mai so in kawo. Ni ne da kaina na lissafa cewa in na yi wa Malam Sada cikakken aiki, dole in kai shi ga maƙwabta, kuma dole magana ta fito. Sai na zaro takardar nuni kawai na ajiye masa. Ya jujjuya ta, ya ce shi bai iya boko ba, ya tambaye ni bambancinta da cikakken aikin. Na ce masa sauƙi ne nake nema masa, ya riƙe rabin la'adar ya ƙara bulo. Har da zolaya na haɗa, na ce manomi guda wa zai koya masa sanin ƙasa? Ya yi dariya, ya ji daɗi, ya dangwala yatsa. Jama'a, mutumin da bai san kowa a garin ba, gidan wa zai je ya yi bincike? Wa zai buɗe baki ya faɗa wa baƙo aibin filin Alhaji kawuna? Na san duk wannan, kuma saboda na sani ne na ba shi takardar.

Ranar da aka yi ciniki, wani tsoho maƙwabcin filin yana zaune ƙofar gidansa yana kallonmu. Jira yake in zo in durƙusa in yi masa tambayar da dillali ke yi. Na ɗaga masa hannu daga nesa na hau mashin ɗina. Tun daga ranar in na gaishe shi, a taƙaice yake amsawa.

Na yi ta lallashin kaina da cewa ai ban yi ƙarya ba, ba a tambaye ni ba ne, ga takarda kuma ta wanke ni. Wannan lallashin ya yi mini aiki har ranar da aka fara haƙa harsashin gini. Malam Sada ya same ni a rumfarmu ta dillalai, da tsohuwar leda baƙa da guntun takalmi a hannunsa, ya ce magini ya ce ƙasar ta cika laushi, kuma irin waɗannan ke ta fitowa.

"Ƙanena, ka hwaɗa mani gaskiya, wurin ga lahiya lau shi ke? Ni ban da kowa garin ga sai Allah sai kai."

Wallahi na san gaskiyar da ta kamata in faɗa. Amma abin da ya fito shi ne, "Haba Malam, ai ko'ina cikin gari haka ƙasa take. A ƙara siminti kawai."

Ya ce alhamdu lillahi, hankalinsa ya kwanta, ya yar da ledar ya tafi. To wannan fa? Wace takarda ce za ta wanke ni daga wannan? A nan nuni ya ƙare, ƙarya ce tsirara na yi wa mutumin da ya dube ni ido cikin ido.

Yanzu gini ya kai rufi, ɗaki biyu da zaure, an buga kwano. Ban iya wucewa ta layin ba tare da na tsaya ba. Watan jiya na ga tsaga a bangon gabas, siririya, daga taga zuwa ƙasa, na dawo bayan kwana biyu na tarar an shafe ta da filasta. Kusurwar gabas ɗin nan ita ce wuri mafi zurfi a kududdufin, daga nan muke tsalle mu faɗa, ƙafarmu ba ta taɓa ƙasa. Na samu wani tsohon magini na tambaye shi a kaikaice, kamar labarin wani gari nake ba shi. Ya ce gini a kan juji ba shi da alkawari, yana iya shekara goma a tsaye, yana iya zama a damina ɗaya in ruwa ya samu hanyar shiga ƙarƙashi. Tun da na ji wannan abinci ya daina yi mini daɗi. Matata ta tambaye ni ko ciwo nake ɓoye mata, na ce kasuwa ce ba daɗi. Ta yaya zan ce mata filin mahaifinta ne ke cin raina?

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, matar Malam Sada ta haihu, namiji. Ya aiko lallai in zo suna, na je ina jan ƙafa. Da liman ya raɗa suna aka sanar, sai na ji sunana. Na ɗauka karo ne kawai aka yi, sai ya kamo hannuna a gaban mutane yana cewa wannan ne ya tausaya masa lokacin da yake baƙo, ya rage masa la'ada, ya sama masa wuri da araha. Aka miƙo mini yaron cikin zane, mutane na ta cewa ga takwara, ga takwara. Na riƙe shi, hawaye ya zubo mini, suka ɗauka na farin ciki ne.

Mai jegon tana gidan wata 'yar'uwarta a cikin Kurfi tana wanka. Ya ce mini in ta yi arba'in ba za ta koma ɗakin haya ba, sabon gida za ta tare kai tsaye. Bayan suna ya ja ni sabon gidan, har cikin ɗakin gabas, ya nuna mini inda za a sa gado.

"Nan takwaranka za shi kwana, in Allah ya so," in ji shi.

Saura kwana goma sha biyu arba'in ta cika, kuma jiya hadari ya haɗu ta gabas har an yi yayyafi. In na yi magana, na tona wa mutumin da ya rene ni asiri, ban san ko aurena zai tsira ba, kuma ba wanda zai sake yarda da ni a sana'ar nan. Shi kuma Malam Sada duk abin da ya mallaka yana cikin ginin, gonar da zai koma babu ita. In na yi shiru, wataƙila bangon ya tsaya, wataƙila kuma ya zauna a kan jariri da uwarsa. Na je ƙofar ɗakin hayarsa sau biyu da niyyar in faɗa, duka biyun ya tare ni da fara'a yana kirana baban yaro, na gaishe shi na juyo.

Don girman Allah ku ba ni shawara. Kawu zan fara tunkara, ko Malam Sada? Da wane baki zan ce masa kada ya sa ɗansa a ɗakin da ya gina masa? Kwana goma sha biyu suka rage, kuma yaron sunana gare shi. Me zan yi?