Ciyawar da Nake Reno

Baba,

Ina gaisuwa da ladabi. Ya ƙarfin jiki, ya Inna da ƙannena? Ina lafiya, aiki alhamdulillahi.

Sai dai kamfanin da nake faɗa muku, wurin sayar da shuke-shuken ado ne. An damƙa mini wata 'yar ciyawa a tukwane, sak aya-ayar da na gudu na bar ku kuna nomewa. Ni ke ba ta ruwa. Yanzu ganyenta na bushewa, maigidana ya wanke ni tas gaban masu saye.

Baba, shekara da shekaru kuna kashe ta, ta ƙi mutuwa. Ni ina lallashinta, tana mutuwa. Don Allah, me take so?

Kada Inna ta ji.

Ɗanku