Ɗalibaina na tsibiri suna jiran kalma ɗaya daga bakina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya daɗe yana cina.

Ni dattijuwa ce, a Madina aka haife ni, ina zaune a unguwar Ƙurban. Mahaifina daga wani tsibiri na tafkin Chadi ya taso zuwa aikin Hajji, bai koma ba, shi ya koya mini rubutun ajami. Maigidana ya rasu, Allah Ya jiƙansa, 'ya'ya kowa yana gidansa. In jikoki sun zo na yi musu Hausa, da Larabci suke amsa mini, wani lokaci ma sai su yi murmushi kawai su koma kan wayoyinsu.

A Umarar wani Ramadan na haɗu da wata mata, Falmata, ashe daga tsibirin mahaifina take. Da ta ga ina rubuta addu'a da ajami, ta roƙe ni in koya wa matansu. Ta koma ta buɗe mana guruf. Nakan rubuta darasi a takarda, in ɗauki hoto, in bi shi da saƙon murya, in ƙara musu da labarin Annabawa. Su kuma su turo nasu karatun, ina jin kukan awaki da dariyarsu a baya. Wallahi duk mako wannan nake jira. Ban taɓa taka garin ba, amma na san wadda ta haihu da wadda mijinta ya yi nisa wajen kamun kifi.

Abin da ban sani ba sai kwanan nan, babu sabis a tsibirin. Falmata ce take shiga kwalekwale da wayar, ta haye zuwa wani tsibirin mai tudu, ta sauke saƙonnina ta tura nasu. Ba ita ta faɗa mini ba. Wata ɗaliba ce ta ambata cikin hira cewa iska ta kifar da su Falmata a ruwa, Allah Ya kiyaye, masunta suka tsamo su. Da na tambayi Falmata, sai ta yi dariya ta ce ruwa ai gidansu ne.

Ana nan wata ƙungiya ta kai musu na'urorin karatu masu caji da sola, darussan suna ciki, ba sa buƙatar sabis. Boko suke koyarwa da Hausa. Matan sun fara karanta sunan magani da sunayen da ke cikin waya, abin da ajamina bai ba su ba. Na ji daɗi, Allah Ya sani, amma na gane ba sa buƙatar darasina kamar da.

Makon jiya Falmata ta turo saƙo, ta daɗe tana gaisuwa kafin ta ce: "Hajiya, ke uwa ce a gare mu. In kin ce mu ci gaba, za mu ci gaba." Na san irin wannan magana. Kunya ba za ta bar su su sallame ni ba, ni suke jira. Ga ruwa yana ƙaruwa.

Na gaya wa 'yata, ta ce khalas ya ummi, wato ya isa haka, in bar su, in shiga halaƙar karatun mata a masallacin Ƙuba. Tana da gaskiya, sai dai can ba mai kirana da Hausa ya tambaye ni yaya ƙafa. Na yi istihara, zuciyata ba ta tsaya wuri ɗaya ba. Wani lokaci in ce karatun addini ne, bai kamata ya yanke ba, wani lokaci in ce kaɗaicina nake yi wa suna da addini.

Har yanzu ban amsa mata ba, kuma na san za ta sake hayewa don ta duba ko na amsa. Jama'a, in sallame su ne? In kuwa sallamar ce, da wane lafazi zan yi ta, yadda ba za su zaci fushi na yi ba?