Hayaƙin bayan La'asar

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi tsoro nake ji.

Ni ɗaliba ce, ina aikin bincike da wani malamina a jami'a. Akwai tauraron ɗan'adam da ke auna gurɓatacciyar iska daga sama, mu kuma aikinmu mu auna daga ƙasa mu ga ko gaskiya yake faɗa. Da aka rasa inda za a kafa na'urar, ni da rawar kaina na ce a kai ta saman ɗakinmu a ƙauye, wajen Bunkure.

Baffana shi ne shugaban manoman shinkafa na garinmu, kuma wata ƙungiya tana ba su iri da taki bisa sharaɗin su daina ƙona tattaka, wato karan shinkafa da ke saura bayan girbi. Ran nan ya tambaye ni yaushe wannan abin na sama yake wucewa, ni ko baki ba linzami, na ce sau ɗaya ne a rana, wajen Azahar. Tun daga nan ba mai kunna wuta sai an idar da La'asar, don kar tauraron ya ga hayaƙin ya tona musu asiri wajen ƙungiyar. Daga nan kuwa hayaƙi ko'ina, har Magariba ba ka ganin gabanka.

Yanzu da Azahar tauraro da na'urata bakinsu ɗaya, iska fes. Da yamma na'urar kamar ta haukace. Malam ya ce ko dai ta samu matsala ne, in haka ne zai watsar da awon yamma ya rubuta cewa iskar garinmu lafiya lau. Amsata yake jira.

Innata na da asma. Kullum yamma sai mun rufe ta a ɗaki da jiƙaƙƙen zane a taga, numfashinta kamar ana busa usur. Na sami Baffa, ya ce yaushe na yi girman da zan cire wa gari abinci a baki, wai kuma in tuna abin da ke saman ɗaki faɗowa yake yi. Inna da kanta ta roƙe ni in yi shiru, tana maganar tana tsayawa jan numfashi.

Yau da safe na tarar an jingina tsani a bayan ɗakinmu, kuma ba namu ba ne.

Jama'a in ce wa Malam na'urar ce ta lalace, ko in faɗi gaskiya? An kusa kiran La'asar, ga Inna can ta fara jiƙa zane.