An Sallamo Kabiru

Yaya Adamu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Anti Rabi da yara. Yaya aiki, yaya ruwan Fatakwal? Mu nan Azare lafiya lau, alhamdu lillahi.

Albishirinka, an sallamo autanmu Kabiru daga asibiti. Ranar da aka tsince shi a bayan tasha, ƙwaya ta bugar da shi, an yi zama a zaure. Baffa Sale ya ce a miƙa shi ga hukuma su kulle shi, wai lallashi ne ya lalata yaran unguwa. Sai Inna ta ɗaga murya daga bayan ƙofa, abin da ban taɓa jin ta yi ba. Ta ce, "Alhaji, ɗan maƙwabcinmu sau nawa aka kulle shi? Ya daina? Masu sayarwa za ku kai wa hukuma. Nawa ba shi da lafiya ne, wajen likita zan kai shi." Daga baya Baffa da kansa ya kawo mota.

Yanzu Kabiru yana cin abinci, yana barci, hannunsa ya daina rawa. Jiya har gona ya bi Baffa a Gololo. Likita ya ce da sauran aiki, a yi hattara da tsofaffin abokansa.

Ka sa shi a addu'a, ka gaishe min da yara. Kuma don Allah ka kira shi, kullum sai ya tambaye ni ko har yanzu kana fushi da shi.

Ƙanwarka,
Hajara