Cinikin Tankar Sama

Lahadi, 24 ga Fabrairu, 2008

Allah ya yi wa maƙwabcina Dung, ɗan Birom ɗin Jos, albarka, kishin ƙasa sai shi. Tawadar fasfonsa ta Amurka ko bushewa ba ta yi ba, amma yau a bakin lif sai da ya ishe ni da "mu Amurkawa". Har tuta ya liƙa a ƙofarsa. A teburina na Canal Street ya saye ta. Ban nuna masa ɗan rubutun da ke gefenta ba. China.

Ga abin da ke cinsa. Sojan saman ƙasar nan za su sayi sababbin jiragen dakon mai, waɗanda ke shayar da jiragen yaƙi ta tiyo suna cikin tafiya. Bumburutun sama dai. Masu neman kwangilar biyu ne, kamfanin gida da wani na Turai da ya riƙo hannun wani na nan. Ɗan kamfanin da Dung ke aiki a bayan filin jirgin JFK shi ke yanka wa na gidan bakin tiyo na ƙarfe. In na gida ya ci, za su ɗauki sababbin hannaye. In baƙo ya ci, a rage su. Kishin ke nan duka.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Sadiƙ yake so. Ɗa namiji ɗaya gare ni, ya kai ashirin, gwiwata ta fara kuka a matakalar jirgin ƙasa, tebur shi yake jira. Kullum Dung na tayi: "Baban Sadiƙ, ba ni yaron nan ya koyi inji." Kullum ina ce masa albarka.

Talata, 26 ga Fabrairu

"Ɗan gida ne ya kamata ya ci, ba baƙo ba." A bakin Dung. Ni da aka binne cibiyata a Gangare, kakana ya haƙi kuza a Jos har ya mutu, amma takardar zama ɗan asalin garin ta gagare ni. Baƙo ne, in ji su. Na san wannan waƙar tun kafin ta hau jirgi.

Allah ya ba baƙon sa'a.

Juma'a, 29 ga Fabrairu

Na Turai ya ci! Na sayi tsire a titi na 116 na kawo wa matata Mariya. Ta tambaye ni ko ina da hannun jari a ciki. Mata ba su gane daɗin irin wannan abu.

Asabar, 1 ga Maris

Dung ya biyo ta tebur, fuska kamar an masa mutuwa. Wai maganar ba ta ƙare ba, kamfanin gida zai kai ƙara. Na ce masa Baban Dina, a wace kasuwa aka yaye ka? Ciniki ya faɗa, an tafa, wa ke warware shi in ba ɗan iska ba? Na faɗa da ƙarfi don Mahamadou ya ji, ɗan Damagaram mai teburin agogo kusa da nawa.

Ya ce to in an warware, na gida ya ci fa?

Bakina ya riga ni. Na ce ranar da jirginku ya ci, na sallama maka Sadiƙ.

Ya miƙo hannu. Na tafa. Mahamadou ya ce ya shaida, har da ɗaga yatsa. Sadiƙ yana durƙushe yana jera tabarau, bai ɗago ba, amma na ga kunnensa.

Ba komai. Na sayar da abin da ba za a taɓa zuwa ɗauka ba.

Laraba, 12 ga Maris

Sun kai ƙarar. Marasa kunya.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Ƙungiyarsu ta ma'aikata ta yi gangami a ƙofar ofishin wani ɗan majalisa. Dung ya dawo da murya a dishe da hula mai tuta. Na ce ya juya cikinta ya karanta mini. Ya ƙi.

Sadiƙ ya faɗa mini da Turanci, don shi Hausa kunne kawai yake da ita, wai jirgin Turan ma a wata jihar kudu za a harhaɗa shi, na gidan kuma akwai sassan da ake kawo masa daga ƙetare. Na ce je ka gaya wa ubangidanka. Ya ce ai Dung ɗin ne ya gaya masa. Ashe ya sani. Yana sane yake ihun.

Ni dai na daɗe da sanin cewa lakabi ɗinka shi ake yi. Jakar da ke teburina, safe 'yar Guangzhou ce, da azahar ta zama 'yar Italiya.

Laraba, 18 ga Yuni

Masu binciken gwamnati sun ce an yi kuskure wajen auna tayin, a sake zama. A kasuwar Kwari da wani ya yi haka, ko ruwa ba za a ƙara sayar masa ba. Nan kuwa sunansa bin doka. In ɗan gida ya faɗi, sai a ce ma'auni ne ya karkace. Na ga irinta a zaɓen ƙaramar hukuma.

Mun haɗu da Dung. Gaisuwa kawai, mai tsawo, har da tambayar gwiwa.

Alhamis, 11 ga Satumba

An ɗage cinikin gaba ɗaya, sai sabuwar gwamnati. An rage wa su Dung kwanakin aiki, yanzu Asabar da Lahadi yana layin tasi a JFK. Ban ji tausayinsa ba. Na rubuta ne don kada in manta.

Sadiƙ ya shiga ajin koyon injin yankan ƙarfe da yamma. Bai nemi izinina ba. Uwarsa ta sani.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Jos ta kama da wuta tun jiya. Layin Yaya Abubakar ba ya shiga. Da hantsi aka ƙwanƙwasa, sai ga Dung da katin waya a hannu, shi ma na ƙanwarsa a Tudun Wada ba ya shiga. Ya ce layin gidansa ne ƙila, ko zai gwada da namu. Muka zauna muna karɓa-karɓa da waya ɗaya. Ba wanda ya ce su wa suka fara. Matarsa Anna ta sauko da abinci, ba wanda ya ci.

Nasa ya shiga kafin nawa. Bai tashi ba sai da na ji muryar Yaya. An ƙona shagon, rai dai yana nan.

Wannan bai shafi maganar jirgi ba.

Litinin, 6 ga Afrilu, 2009

'Yan sanda sun zo kamen jabun kaya jiya. Mahamadou ya naɗe zaninsa ya ɓace, ni gwiwa ta ci amanata. Sadiƙ ne ya tsaya gabana, shi suka ɗora wa kayan. Ya kwana a hannunsu, alƙali ya sake shi da gargaɗi. Dung ya zo kotun da rigar coci, ba wanda ya gayyace shi. A jirgin ruwan komawa gida ya ce mini, a hankali: "Baban Sadiƙ, in sunansa ya ɓaci a takarda, ba mai barinsa ya taɓa ƙarfen soja har abada."

Na ce to sai me, tebur ba ya tambayar takarda.

Ban sake barinsa ya tsaya kan jakunkuna ba. Tabarau da huluna kawai. Don cinikin jaka ya ja baya ne.

Talata, 16 ga Maris, 2010

Har yanzu suna ja. Jirgin da ko tashi bai yi ba ya tsufa a bakin 'yan majalisa. Kowa na rantsuwa da ma'aikatan jiharsa, kamar ya san sunan ɗaya daga cikinsu.

Alhamis, 24 ga Fabrairu, 2011

Na gida ya ci.

Juma'a, 25 ga Fabrairu

Bayan masallaci Mahamadou ya ja ni gefe. Ya ce Alaji akwai ƙofa. Wai cinikin da muka tafa a kansa na farko ne, shi kuwa an rushe shi, wannan sabo ne, ba ya cikin shaidarsa. Ya ce shi zai tsaya mini.

Da na gaya wa Mariya, ko ɗagowa ba ta yi ba daga tuƙin tuwo. Ta ce madalla, sai ka shigar da ƙara kai ma, a ce ma'auni ne ya karkace.

Shekara uku ina zagin mutane a kan wannan. A gaban kowa.

Dung bai sauko ba. Da ya zo ya yi mini dariya da na sami abin kamawa. Mugu ne, ya san inda ake kama ɗan kasuwa.

Asabar, 5 ga Maris

Turawan sun ce ba za su kai ƙara ba. Baƙo ya fi ɗan gida sanin kasuwa, na faɗa tun farko.

Na hau sama da kaina, mataki mataki, lif ya lalace. Na ce Baban Dina, zo ka ɗauki kayanka. Ya ce ba kaya ba ne, ɗa ne, kuma ya riga ya yi magana da manajansu, amma sai in na yarda. Na ce na sallama tun shekara uku da suka wuce, ba na sallama sau biyu.

Tutar ƙofarsa ta koɗe. Ta China ce, me ake jira.

Litinin, 4 ga Afrilu

Yau ya fara. Dung ya ɗauke shi a mota, na tsaya a taga don in ga ko za a yi ruwa.

Takalmin aikin ni na saya, mai ƙarfe a baki. Akwai irinsa a Canal Street a araha, na san mai kawo su, na san inda ake ɗinka musu lakabi. Brooklyn na je. Na juya harshen takalmin na karanta, na sa mai shagon ya rantse a nan aka yi shi, na biya ban ko taya ba. Mahamadou ba zai ji wannan ba. Don ƙafar yaro ce kawai, ƙarfe ba ya wasa.

Da yamma ya dawo da baƙin mai a farce, yana ba uwarsa labari, har da Hausa guntu-guntu. Injin da aka ɗora shi a kai na Jamus ne. Mai kamfanin ɗan Girka. Mai duba aikinsa Dung, ɗan Birom. Mai yankan kuma tattaɓa-kunnen mahaƙin kuza daga Gangare, wanda garinsu ya hana ubansa takarda.

Tebur ya yi mini faɗi yau. Na aika wa Anna turare ta hannun Mariya, na gaske, ba na tebur ba.

Wannan fa shi ne jirgin gida da aka yi shekara uku ana ihu a kansa. To baƙon wane ne?